Haladu da Gadar Cikin Akwati

Ku matso kusa ku ji, don wannan karon zan faɗa daga farko har ƙarshe, in huta. Tun da na dawo daga Kwatano ban ƙara shan ruwa cikin natsuwa ba. A gidan suna a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, har a ajinmu na yaƙi da jahilci malama takan ajiye alli ta ce, "Tabawa, wai da gaske ne ba a hango ɗaya gaɓar teku?" To ga shi na sayi littafi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da murza ƙuli-ƙuli.

Kun san ni, ba mai zuwa ko'ina ba ce. Kafin wannan tafiya Kano ce iyakata, sau biyu, duka biyun kuma asibiti. Ko Rogo in zan je sai na kwana ina shiri. Abin da ya fitar da ni daga Ƙaraye ba yawon buɗe ido ba ne.

Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu: ni, da Haladu, da autarmu Rabi. Rabi tana goye Allah ya yi wa Inna rasuwa, ni na raine su. Haladu yana da aboki tun suna kiwon awaki, Ilu, kuma Ilun nan shi ya auri Rabi ya kai ta Beli. Su biyun direbobi ne, masu zuwa Kwatano su turo wa 'yan kasuwa motocin nan na hannu. A farkon watan azumin tsofaffi suka tafi tare. Aka yi azumi ba su dawo ba. Aka yi ƙaramar salla ba su dawo ba. Wani direba ya ce ya ji mota ta faɗi da su wajen garin Faraku a hanyar dawowa, ɗaya ya rasu. Wani ya rantse ya ga Ilu da idonsa a wata ƙasa gaba yana shan shayi. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: Haladu yana Kwatano da ransa, ba ya tuƙi, ba ya aiko da saƙo, kuma ba ya amsa wa kowa magana a kan Ilu.

Surukar Rabi, Inna Kande, ta hana a yi ko addu'a. Ta ce ɗanta yana nan. Limamin Beli kuma ya ce shi ba zai sa mace takaba da "an ce" ba, sai wanda ya gani ya zo ya faɗa da bakinsa. Ya ƙara da wata magana da ta hana ni barci: wai takaba daga ranar da rai ya fita ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goman nan suna tafiya, ko an zauna ko ba a zauna ba.

Da na je Beli na sami Rabi zaune da kwalbar kwalli a hannu. Ta ce, "Yaya, in ya rasu, kwanakinsa suna ƙarewa ni kuwa ina yawo da kwalli a ido. In yana da rai na daina sawa, na yi masa fatan mutuwa. Ya zan yi?"

Na dawo gida na gaya wa maigidana, Malam. Ya ce, "Haladu ba ya jin maganar kowa sai taki. Gwaggo Delu za ta je Kwatano saro atamfa jibi. Ki bi ta." Na ce, "Ni?" Ya ce, "To wa?"

Gwaggo Delu ƙanwar mahaifin Malam ce, a Rogo take, ta fi shekara goma tana wannan hanya. Da ta ga kayana ta riƙe haɓa. Na ɗauko dambu, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da ƙullin daddawa don Haladu, da goran fura da wata ƙawata Bafulatana ta aiko mini daga Kurugu. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, Kwatano za mu ko gudun yunwa?"

Daga Rogo muka yanki hanyar Zariya, can muka shiga doguwar motar Ikko. Lokacin wahalar fetur ne, kowane gidan mai layi har ba ka ganin ƙarshensa. Ba mu yi nisa da Kaduna ba wani mutum ya miƙe a tsakiyar mota da jaka, ya fara magana da ƙarfi da Turanci. Na ce shi ke nan, 'yan fashi ne tun daga ciki. Na fara salati a fili. Gwaggo ta mintsine ni ta ce, "Ke, maganin basir yake sayarwa!" Ina cikin jin kunyar wannan, furar nan da ta sha zafin mota ta kumbura ta tunkuɗe marfi. Rabi a cinyata, rabi a kan takalmin wani Inyamuri ɗan kasuwa da ke gefenmu, takalmi baƙi mai sheƙi. Na durƙusa zan goge da gefen mayafi, ya hana ni. Ya laƙato da yatsa ya ɗanɗana, ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Mama, sukari ya yi kaɗan." Motar duka ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, kuma ita ce dariyata ta ƙarshe a hanyar.

Don daga nan na fara lura da gefen titi. Ba na iya gaya muku yawan gawar motocin da na gani: wata ta kife, wata ta ƙone, wata ciyawa ta fito ta tagarta. Kowacce na gani sai in ce a raina, wani Ilun ne, wata Rabin tana can tana jira. Da muka zo gadar Jabba na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga Kwara shimfiɗe ba iyaka, na rufe fuska da mayafi. Ban buɗe ba sai da Gwaggo ta ce, "Mun wuce tun ɗazu, sarauniyar matsorata."

Ikko ba zan ce na gan ta ba, jin ta na yi. Kowa ihu yake, kuma wai ba faɗa ba ne, haka suke hira. Ba mai gaishe da wani. Na gaida wata mata da ta taka mini ƙafa, ta dube ni kamar na roƙe ta wani abu. Na riƙe bakin zanen Gwaggo kamar 'yar yaye har muka sami motar iyaka.

Kafin mu sauka Gwaggo ta ja mini kunne. "Ga takardarki mai hoto, ki ajiye kusa. Ki yi tafiya kamar kin saba. Kar ki tsaya, kar ki gaisa, kar ki yi surutu." Na ce to. Muna isa wurin da aka gitta ƙarfe, wani dogon mutum mai kaki ya ɗaga mini hannu. Ƙafafuna suka yanke wa kansu shawara, sai ga ni durƙushe. "Ranka ya daɗe, ina wuni? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya iyali?" Ya ce takarda. Na zura hannu a lalita na miƙa masa katin asibitin Kano. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sannan ya nuna ƙullin da ke kaina. Da ya kwance, ƙamshin daddawa ya bugi wurin, abokin aikinsa ya ja da baya yana toshe hanci. Ni na riga na ga kaina a kurkuku. Sai na ji mai kakin ya ce da Hausa tsantsa, "Baba, wannan ta kalwa ce ko ta waken soya?" Ashe ɗan arewa ne. Na ce, "Ta kalwa ce, ɗana, da hannuna na yi." Na ba shi guda biyu, Gwaggo ta zaro takardar gaskiya daga inda na cusa ta, ya duba ya buga hatimi. Har muka shiga ƙasar mutane Gwaggo tana cewa, "Na ce kar ki gaisa. Ke har da yaya iyali!"

Kwatano kuwa garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗorawa suke sawa, kuma mata ma suna tuƙa nasu babur, da jaka a kafaɗa, ba mai waiwayensu. Fetur a kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar manja. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Mun sauka a Zango, gidan wata Hajiya da Gwaggo ta saba sauka, a ɗaki cike da dilolin atamfa, tabarmarmu a tsakiya. Iskar garin ɗanya ce, wanki ba ya bushewa, jiki kullum danƙo. Aka kawo mana wani abu kamar agidi a ganye da miyar kifi. Na sa hannu na ji abu ya kama mini yatsa, na ɗago, sai ga ƙafar ƙaguwa da ɗan makaminta. Na yar da ita na yi ƙara. Hajiyar gidan ta ce ai don girmamawa aka sa mini, ba kowane baƙo ake ba wa ba. Na gode mata ƙwarai, na ci dambuna.

Teku kun dame ni da ita: na gan ta daga nesa, tana tasowa tana komawa kamar abin da ke numfashi. Ban matsa ba. Ba ita ta kawo ni ba.

Da safe muka je inda direbobinmu ke taruwa kusa da tashar jirgin ruwa. Da na ambaci Haladu sai hira ta mutu. Wani dattijo a cikinsu ya ja mu gefe ya ce, "Hajiya, ɗan'uwanki yana shagon Madam, bayan kasuwa. Shara yake mata, ita kuma ta bar shi da akwati in an tashi cin abinci. Ba ya shan komai, ba ya caca. Amma ni da na ga abin da yake yi, gara a ce sha yake." Na ce, "Aljanu ne?" Ya ce, "Je ki gani."

Mutanen garin suna da wata al'ada: rana na take tsaka sai a rufe shaguna, kowa ya tafi ya ci ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. A wannan lokacin muka isa. Gwaggo ta tsaya a ƙofa ta ce ita ba ta shiga inda ba ta san abin da ake sayarwa ba. Madam, wata ƙatuwar mace mai fara'a da ta yi zama a Faraku ta iya Hausa, ta kama hannuna. "Kai ne yayanta? Shiga, shiga. Na gaji da ita." Haka Hausarta take, namiji mace, mace namiji.

Ɗaki ne mai duhu, talabijin huɗu a jere, benci a gaban kowacce. Uku a kashe. A gaban ta huɗun wani mutum ya ba ni baya, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito ta cikin riga. Wani kiɗa siriri yana fita, yana maimaita kansa. Na yi sallama. Bai juyo ba. Na ce, "Haladu."

Ya juyo. Idanun nan sun yi ja sun faɗa. Ya ce, "Yaya," kamar jiya muka rabu. Bai tambayi gida ba. Bai tambayi yadda aka yi na zo ba. Ya matsa mini a benci ya ce, "Zauna, na kusa."

Na zauna. A hannunsa akwai wani abu kamar sabulun wanki, da maɓallai a kai, da waya ta tafi zuwa wani ƙaramin akwati a ƙasan talabijin. Gem suke ce masa. In ya danna, wani ɗan mutum mai takobi ya motsa a cikin gilashin, wani mai fitila yana bin sa a baya. Na yi ta karanta abin da na sani a zuci. Amma na ga in ina son Haladu ya yi magana, sai ta nan. Na ce, "Su wane ne waɗannan?"

Bakinsa ya buɗe. Wai abokai ne. Kogin garinsu ya ƙafe, wani mugun abu ya toshe idon ruwan a kan dutse, su biyu suka ɗauki alkawarin buɗewa. Mai takobin, in ji rubutun da ke fitowa a ƙasa, mutumin kirki ne, mai amana, duk garin ba kamarsa.

Yana faɗar haka mutumin kirkin ya faɗa wani gida. Wata tsohuwa tana tsaye. Ya wuce ta, ya fasa tukwane uku, ya buɗe akwatinta ya kwashe abin ciki.

Na ce, "Haladu, gidan wa ya shiga?"

"Gidan wata tsohuwa."

"Ya yi sallama?"

"Yaya, babu maɓallin sallama."

"To tukwanen me suka yi masa?"

"Magani ake ɓoyewa a ciki."

"Ita kuma ta tsaya tana kallo? Me take cewa?"

Ya karanta. "Wai Allah ya yi masa albarka, shi ne gatan garin."

Na ce, "Wannan a Ƙaraye da tuni an kai shi gaban alƙali." Na so ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce labarin daban, abin da hannu ke yi daban, haka abin yake.

Suka fita daji, wasu halittu suka tare su. Aka kaɗa mai fitila ya faɗi warwas. Na dafe ƙirji na ce innalillahi. Haladu ya danna wani abu, aka ba shi kwalba, sai ga shi ya miƙe garau. Aka sake kashe shi, ya sake ba shi, ya sake tashi. Sau huɗu a gabana. Ya nuna mini wata lamba a kusurwa ya ce, "Kin gani? Kwalba casa'in da tara. Jakar ba ta ɗaukar fiye da haka. Sati uku na yi ina tara su."

Na ce, "Ba ka ce garin ƙishirwa za ta kashe shi ba?"

"An ce saura kwana uku."

"Kai kuma ka yi sati uku kana fasa tukwane?"

"Kwana ukun ba sa ƙarewa, Yaya. Ko shekara ka yi, suna nan suna jiranka. Sai ka hau gada."

Ya gyara zama. Na ga gumi ya keto masa. Mutanen biyu suka hau wata gadar igiya a kan rami. Suna kaiwa tsakiya kiɗan ya canja, gilashin ya yi baƙi sama da ƙasa. Wata kibiya guda ɗaya ta fito daga duhu ta sami mai fitila. Ya durƙusa. Mai takobi ya tallafe shi, rubutu yana fitowa, yana fitowa. Fitilar ta gangara ta faɗa rami.

Na ce, "Ba shi kwalbar mana! Ba shi!"

Sai na dubi hannun Haladu. Yana dannawa. Duk maɓallan yake dannawa da ƙarfinsa, har abin yana ƙara, yatsunsa sun yi fari. Ba abin da ya motsa. Mutumin da aka sare shi da gatari sau huɗu ya tashi, kibiya ɗaya ta gama da shi, ga magani casa'in da tara a jaka.

Madam ta ce daga bayanmu, "Kullum haka. Na gaya mata, a wurin nan maɓalli ba ya aiki. Masu yin kaset sun rubuta ya mutu. Yara duka sun wuce, sun buɗe ruwa, sun gama. Ita sai ta kashe ta koma baya."

Haladu ya miƙa hannu ya danna akwatin. Ga su kuma a gindin gada, mai fitila da ransa, fitilarsa tana ci. Ya ce, "Wataƙila in na sa shi a gaba. Ko in na cire masa sulke ya fi sauri."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Ba ni."

Ya dube ni. Na karɓe abin daga hannunsa, da ɗumin tafinsa a jiki. Na ce ya nuna mini na tafiya gaba. Na danna, ɗan mutumin ya bugi dutse, ya juya, ya sake bugun dutse, da ƙyar na hau da shi gadar. Kiɗan yana canjawa na sunkuya na ajiye abin a ƙasa, na naɗe hannuwana. Kibiya ta fito. Ya durƙusa. Fitila ta gangara. Daidai da na ɗazu, ko ƙiftawar ido ba bambanci.

Na ce, "Ka gani? Kai da ka ƙware, da ni da ban san gabansa da bayansa ba, ɗaya ne. Ba laifin mai riƙewa ba ne, ɗan'uwana. Tashi mu tafi gida."

Na ɗauka na yi dabara. Na ɗauka abin da yake bukatar ji ke nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Yaya. Tun satin farko na sani."

"To me kake nema?"

"Nan ne kaɗai wurin da ba laifina ba."

Madam ta fita ta ja ƙofa. Ya yi maganar yana kallon ƙasa. Mota ɗaya aka ba su, suna karɓeɓeniyar tuƙi. Kafin Faraku Ilu ya ce birki yana yin laushi, su tsaya a duba. Haladu ya ce rana tana yi, in an tsaya wurin bakanike an kashe wuni, su kai gari na gaba. Ilu ya sake faɗa. Haladu ya ce masa, "Kai dai matsoraci ne tun muna yara." Ilu ya yi dariya ya kwantar da kujera. A wata gangara birkin ya tafi gaba ɗaya.

Ya ce, "A cikin akwatin nan ƙwace maka maɓallan ake yi. Ni ba wanda ya ƙwace mini. Sau biyu ya faɗa."

Tsoron da na ji a gadar Jabba wasa ne a kan wannan. Na zo da shirin aljanu, har da rubutun sha a kwalba, ban zo da shirin wannan ba. Na daɗe ina kallon ɗan mutumin nan durƙushe da abokinsa. Sannan na tambaye shi abin da aka aiko ni. Na ce, "Wace rana ce?"

"Tara ga watan azumin tsofaffi. Alhamis, bayan azahar. Mutanen wani ƙauye suka taimake ni. Musulmi ne. Ni na yi masa wanka."

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Na ce, "Haladu, kwana ukun mutanen nan suna jiranka. Na Rabi ba sa jira. Yau saura mata goma sha biyar, kuma ba ta zauna masa ko ɗaya ba. Tana can da kwalli a hannu ta rasa ko ta sa ko ta ajiye. In ka ƙara sati biyu a bencin nan, ka hana ta har abada."

Bai san da wannan ba. Wallahi bai sani ba, shi a zatonsa sai ya faɗa za a fara ƙirgawa. Ya ɗago ya dube ni, bakinsa yana motsi. Sannan ya miƙa hannu ya kashe talabijin ɗin da kansa.

Gwaggo ta bar rabin sarinta, Allah ya saka mata. Washegari muka kamo hanya. Haladu bai ci komai ba sai ƙuli-ƙulina. Da muka wuce iyaka muka zauna a motar Ikko, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yaya, liman ranar kawai zai tambaya, da inda aka binne shi. In tsaya nan, ko in faɗi har da birkin?"

Ku ji abin da na yi, ni da kuke cewa bakina ba ya rufuwa. Na juya fuska wajen taga na yi kamar ban ji ba. In na ce ya faɗa, ina tsoron in raba ƙannena biyu da hannuna. In na ce ya ɓoye, ina tsoron in mayar da shi bencin nan, ko da yana zaune a Ƙaraye. Daga Ikko har Zariya bai sake tambaya ba, ni kuma ban amsa ba.

Mota ta lalace mana a hanya, ga layin mai, sai ranar kwana na huɗu muka isa Beli da hantsi. Aka shimfiɗa tabarma a zauren gidan su Ilu. Liman ya zauna da dattawa biyu, mu mata muna daga bayan ƙofa, Rabi a jikina, Inna Kande a gefe. Liman ya tambayi rana, Haladu ya faɗa. Ya tambayi wuri da waɗanda suka yi salla, ya faɗa. Liman ya ce, "Ya isa," ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Haladu ya ce, "Allah gafarta Malam, da saura."

Ya faɗi duka. Har da "matsoraci". Na ji jikin Rabi ya sandare a nawa. Can Inna Kande ta yi magana ta bayan ƙofa, murya a dishe: "Kai ka wanke shi?" Ya ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "Da ruwa mai kyau?" Ya ce, "Na rijiya." Sai a lokacin ta fara kuka.

Rabi ta tashi ta shiga ɗaki. Ta wanke idonta, ta cire 'yan kunne da warwaro ta zuba mini a tafin hannu. Kwana goma sha ɗaya suka rage mata, kuma ta zauna su cif, ni ina gefenta. A rana ta ƙarshe ta ce mini, "Yaya, na gode da kika samo mini su." Haladu kuwa yana Ƙaraye yana noma tare da Malam, yana ci, yana barci. Duk Juma'a sai ya hau keke ya je Beli ya yi wa Inna Kande faskare. Tana amsa gaisuwarsa. Rabi har yau ba ta amsa ba. In ta ji sallamarsa sai ta shige ɗaki.

To kun ji Kwatano. Ni na kalli taga na bar shi da tambayarsa, kuma har yanzu in na kwanta sai in ji ta. Ku da kuka matsa sai na ba ku labari: da ku ya sunkuyo ya tambaya a motar nan, me za ku ce masa?